Taraktar da Haladu Ya Gyara

Kwana uku Haladu ya yi yana gyaran kuloc ɗin taraktarsa a gindin dogonyaron da ke ƙofar gidansa a Diffa. A rana ta huɗu da hantsi ya goge hannuwansa da tsumma, ya ce aiki ya kammala, a kira masa Mamman Sani ya zo ya gwada.

Mamman Sani ƙanensa ne, ɗan baffansa. Shi ke tuƙa taraktar tun shekarar da suka gudo daga Bosso, shi da matarsa Tabawa da ƴaƴansu mata biyu, Haladu ya ba su ɗaki ɗaya a gefen zaure kusa da sito. Da kuloc ɗin ya mutu, shi ya ba da shawarar a ja ta zuwa garejin Goni, bakaniken da ya saba duba ta. Haladu ya ce sau biyu Goni yana yin wannan aikin a gabansa, babu wani sirri a ciki sai kwance noti da ɗaure noti. Ya tura Mamman Sani gona gadin injinan ban-ruwa, ya sayo sabon faifan kuloc a kasuwa, ya tara majiya ƙarfi suka raba taraktar gida biyu a kan jak da guntayen itace, suka sake haɗa ta.

Mamman Sani ya hau ya tayar da inji. Ya taka fedar kuloc har ƙasa, ya tura giya. Giyar ta ƙi shiga, sai wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya sake gwadawa, haka. Ya kashe injin, ya sa giyar, ya danne fedar da iyakar ƙarfinsa, ya murɗa makulli. Taraktar ta yi tsalle ta nufi katangar maƙwabci, ƙafarsa na kan fedar amma kamar babu kowa a kanta. Da ƙyar ya ja wayar kashe inji, ta tsaya saura taku biyu ta ci katangar.

Haladu ya yi dariya, ya ce sabon faifai haka yake, sai ya ci hanya kafin ya yi laushi.

Mamman Sani ya san aikin kuloc ɗaya ne: in direba ya taka, ya raba inji da taya, inji na juyawa taya na tsaye. Sabo ko tsoho, wanda bai yi wannan ba bai yi komai ba. Ya jira har aka yi azahar, mutane suka watse, ya ɗauko sifanoni ya dawo gindin dogonyaro.

Ya fara da abu mai sauƙi, yana roƙon Allah ya sa matsalar a nan take. Ya danna fedar da hannu ya auna sakwarkwacewarta kafin ta fara kama aiki. Kamata ya yi ta zama faɗin yatsa biyu, ya tarar ta kai huɗu. Ransa ya ɗan yi sanyi. Ya kwance sandar ƙarfen da ke haɗa feda da cikin akwatin da kuloc ɗin yake, ya daidaita ta, ya ɗaure, ya hau ya gwada. Giya ta sake yin ƙarar nan. Ya sauko ya ƙara ɗaure sandar har babu sauran wasa ko kaɗan, abin da ya san bai kamata ba, don kawai ya gani. Babu abin da ya sauya.

Tabawa ta fito masa da ruwan sha, ya roƙe ta ta tsaya ta danna masa fedar da hannu. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin taraktar, ya cire ɗan murfin da ke ƙasan akwatin, ya haska ciki da fitilar wayarsa. Duk lokacin da ta danna, yana ganin boris, zoben ƙarfen da fedar ke turawa, ya matsa gaba ya ture yatsun ƙarfe uku masu sakin faifan, dukansu tare, babu wanda ya noƙe. Babu ɗigon mai, babu abin da ya karye. Duk abin da ido ke iya kaiwa lafiya yake. Yana shirin mayar da murfin ya ga wani abu na ƙyalli a cikinsa. Ya shafa da yatsa, sai ga garin ƙarfe, sabo, fari tas. Ƙarfe na cin ƙarfe a can ciki.

Ya fito ya zauna a ƙasa, ya ɗauko tsohon faifan da aka jingine a jikin bishiya yana juya shi. Gefe ɗaya a shafe yake, ɗayan yana da tozo a tsakiya. Tozon nan wajen akwatin giya yake kallo. In aka juya shi ya kalli inji, sai ya tokare kawunan notocin da ke can, ya manne, ko giwa ce ta taka fedar ba zai saki ba.

Bayan la'asar ya sami Haladu a kan tabarma da abokansa ƴan kasuwar tattasai su uku. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya tambaya a hankali, da aka sa sabon faifan, wane gefe ne ya kalli inji. Haladu ya ce faifai ai faifai ne, gaba da baya duk ɗaya.

Nan Mamman Sani ya tabbata. Ya ajiye tsohon faifan a gefen tabarmar ya nuna tozon.

"Yaya, a juye aka sa shi. Sai an sake raba ta. Aikin wuni ɗaya ne in Goni ya zo."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Haladu ya ga murmushin. Ya ture faifan da ƙafa, ya ce shi dai ya san direba ya ajiye a gidansa, bai san yaushe ya zama injiniya ba. Ya ce kogin Komadugu na cika kullum, ruwa ya kusa cinye hanyar fadama, ga tattasai an tsinke yana jibge a gona, ga injina a bakin ruwa, shi ba zai sake tsaga tarakta don wani ya kasa sarrafa ƙafarsa ba. Gobe da safe a fita aiki.

Kafin magariba Dada, mahaifiyar Haladu, ta aika aka kira Mamman Sani ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ji ya kunyata yayansa a gaban baƙi. Ta tuna masa ranar da suka iso daga Bosso ƙafafunsu a kumbure, babu ko tabarma, wane ne ya buɗe musu ƙofa. Ya ce bai manta ba, kuma ba rashin kunya ya yi niyya ba, abin da yake tsoro shi ne taraktar ba ta tsayawa in an ce ta tsaya. Dada ta ce shekara nawa yana tuƙi, in gwani ne ai zai san dabara. Ta ce ya je ya ba yayansa haƙuri. Ya je ya bayar.

Kwana shida ya yi yana tuƙa ta a haka. Sai ya sa giya inji na kashe, ya tabbata babu kowa a gabansa, ya murɗa makulli ta zabura. In zai sauya giya sai ya saurari kukan inji, ya zare ya tura a daidai lokacin da ya dace, wani lokaci ta shiga, wani lokaci haƙoranta su yi ta gurnani. In zai tsaya sai ya kashe injin gaba ɗaya ya bi da birki. Hannunsa na dama bai ƙara barin wayar kashe inji ba. Kullum sawu uku tsakanin gari da bakin kogi, tirela cike da buhunan tattasai, ta cikin shanu da amalanke da mata masu ɗauke da itace.

A rana ta huɗu, a shingen sojojin da ke hanyar fadama, soja ya ɗaga masa hannu daga kusa. Ya ja wayar, ya taka birki, nauyin tirela ya ci gaba da tura shi. Ya wuce gangar da aka gicciya, ya ga sojan ya ja da baya ya ɗaga bindiga. Ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwa sama yana salati har taraktar ta tsaya da kanta. Suka saukar da shi, suka kwantar da shi a rana, suka zazzage buhu biyar kafin suka yarda da maganarsa. Babbansu ya ce in ya sake zuwa da ita haka kada ya zargi kowa.

Da ya faɗa wa Haladu, sai ya ce to ai ga shi ta tsaya, kuma ga shi ya dawo da ransa. Ya ce a ƙara haƙuri, saura kaɗan a gama kwasa, sannan a duba. Tabawa ta ce wa mijinta ya ce ba shi da lafiya, ya kwanta. Ya tambaye ta, in ya kwanta, a gidan wa zai kwanta.

Rana ta bakwai Haladu ya bi shi gona da kansa, don ruwa ya riga ya taɓa hanya. Aka cire tirela, cike take, aka je da taraktar aka janyo wani injin ban-ruwa da ya nutse a laka. Da aka dawo sai a sake haɗa tirelar. A kwanakin nan Mamman Sani yakan tsaya nesa kaɗan ya kashe inji, leburori su turo tirelar ta same shi. Yau tayoyinta sun zauna a laka, mutum shida suka tura ba ta motsa ba. Dole sai taraktar ta yi baya ta same ta, wani kuma ya tsaya tsakani ya ɗaga hancin tirelar ya zura fil, ƙarfen da ke haɗa su. Leburorin suka kalli juna, babu wanda ya matsa.

Haladu ya ce shi zai hau, Mamman Sani ya riƙe fil. Mamman Sani ya roƙe shi su sauya, ya ƙi, ya ce shi bai saba da fil ɗin ba. Sai Mamman Sani ya ce to don Allah kada ya dogara da feda, ya kashe injin tun da sauran tazara, sauran a ƙarasa da hannu.

"Ni na gyara ta," in ji Haladu. "Ni na san ta."

Ya sa ribas ya tayar. Taraktar ta zaburo baya da sauri fiye da yadda ya zata. Mamman Sani ya yi masa tsawa ya kashe. Haladu ya taka fedar kuloc, kamar yadda ƙafar kowane direba za ta yi, ya sake takawa, sannan ya shiga lalubar wayar. Kafin ya same ta ƙarfen bayan taraktar ya haɗa ƙwaurin Mamman Sani na hagu da hancin tirela. Leburorin sun ce sun ji ƙarar ƙashin duk da kukan inji.

Mamman Sani bai suma ba. Yana kwance a laka ya ga Haladu zaune a sama, inji a kashe, yana kallon ƙafarsa da har yanzu take danne da fedar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauko, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Me ya sa ka tsaya a nan?"

Aka ɗaure masa ƙafar da rawani, aka haɗa tirelar da ƙyar, aka ɗora shi a kan buhunan tattasai. Haladu ya ja taraktar da giya ɗaya har gari. Da suka zo mararrabar da ke kaiwa asibiti, Mamman Sani ya ɗaga kai yana jiran a karya kwana. Aka miƙe. A ƙofar gida Haladu ya yi wa Tabawa bayani yana haki: in aka je asibiti za a yi tambaya, jandarmomi su shigo, su kama tarakta a wannan lokaci da ruwa ke cin dukiya. Kuma karaya aikin mai ɗori ce, likitoci ba su san komai ba sai yanka. Dada ta ce gaskiya ne, ita da idonta ta ga waɗanda aka kai da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya.

Mai ɗorin da aka kira tsoho ne. Ya buɗe rawanin, ya ga ƙashi ya huda fata ya dagargaje. Ya ce shi karaya yake ɗorawa, wannan kuwa niƙewa ce, da shi ne da ya kai likita. Haladu ya ja shi zaure suka yi magana. Tsohon ya dawo bai kalli kowa ba, ya shafa magani, ya jera kara, ya ɗaure tam.

Washegari ƙafar ta kumbura har ta fi ƙarfin ɗaurin. A rana ta uku zazzaɓi ya kama shi, yana rawar sanyi da tsakar rana. Tabawa ta taɓa yatsun ƙafar ta ji su kamar dutsen da ya kwana a ruwa. Ta je ta durƙusa wa Dada, Dada ta ce jini ne ke komawa mazauninsa, ta ba ta rubutu ta kai masa. A rana ta huɗu ta tare Haladu a tsakar gida, ta ce don girman Allah a kai shi asibiti. Ya ce ai ba a ƙi ba, a bari a gama da tattasai, kuma ba a kwance ɗori kafin kwana bakwai, kowa ya san wannan. A rana ta biyar yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Tabawa ta mayar da ƴaƴan ɗakin girki, ta yi ta zuba turaren wuta. Dada ta tsaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gyale, ta ce mugun jini ne ke fita, alamar sauƙi ke nan.

Masu dubiya na zuwa, amma a zaure ake tsayar da su, a ce mara lafiya na barci. Katanga ɗaya ce tsakanin zauren da ɗakinsa. Yana kwance yana jin Haladu na ba da labarin, sau uku, sau biyar, kullum iri ɗaya: Mamman ne ya bar tarakta a giya ya sauka yana gaggawa, an sha yi masa faɗa a kan ganganci, amma ƙaddara ta riga fata. Masu dubiya su ce Allah ya kiyaye gaba, su yaba wa Haladu da irin ɗawainiyar da yake yi da ɗan'uwa. Wannan ya fi ƙafar yi masa zafi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga murya, abin da ya fito bai wuce ƙofar ɗakin ba.

Ita kuwa taraktar ba ta sami mai tuƙa ta ba. Haladu bai ƙara hawa ba. Ya ɗauko wani direba, mutumin ya ja ta daga ƙofar gida zuwa kwana, ya kashe, ya sauko ya miƙa makulli ya ce shi yana da iyali. Tattasai na jiƙewa a gona. A rana ta shida da sassafe Haladu ya aika aka kira Goni.

Ƴar tagar ɗakin Mamman Sani na kallon gindin dogonyaro. Cikin zazzaɓi yana jin ƙarar sifana, yana gane kowane noti da ake kwancewa. Wajen hantsi ya ji an ja rabin taraktar baya. Sai muryar Goni, da harshensa na Barebari, ba tare da ya rage ta ba.

"Wa ya sa wannan faifan? A juye yake. Dubi yadda ya cinye kan notoci. Wa ya tuƙa wannan abin har mako guda?"

Haladu ya ce masa wani abu ƙasa-ƙasa. Mamman Sani ya juya kai ya kalli matarsa. Ita ma ta ji. Ta miƙe, ta yafa mayafi, ta bi ta zaure ta fita har gindin bishiyar, inda maza ke tsaye. Ba ta kalli Haladu ba. Ta gaida Goni, ta ce wanda ya tuƙa ta yana ciki, in ya yarda ya shigo ya gan shi.

Goni ya shiga da baƙin mai a hannunsa. Warin ya tsayar da shi a bakin ƙofa. Ya ƙarasa, ya ɗaga zanen da aka rufa wa ƙafar, ya mayar. Bai tambayi kowa izini ba, ya fita titi ya tsayar da adaidaita. Da suka kinkimo shi ta tsakar gida, Haladu ya ce wa Tabawa in ta fita da shi ba da yawunsa ba, duk abin da ya biyo baya ita ta ja. Dada ta ce ashe haka za a saka musu, a tona musu asiri a gaban bare. Tabawa ta gyara riƙon da ta yi wa kafaɗar mijinta, suka wuce.

Likitan da ya kwance ɗorin bai yi faɗa ba. Ya tambayi kwana nawa, aka ce shida, ya girgiza kai. Ya ce da an zo ranar, ko washegari, da akwai abin da za a gwada. Yanzu rai ake nema. A ranar aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Haladu ya zo sau ɗaya, da ledar lemo, daidai lokacin da wani ma'aikaci ke tambayar yadda abin ya faru don ya rubuta. Ya tsaya a ƙarshen gadon yana murza carbi. Mamman Sani ya tuna ƴaƴansa biyu na gidan mutumin nan, daga tukunyarsa suke ci. Ya ce hatsari ne a gona. Haladu ya sa masa albarka ya tafi.

Bayan mako uku aka sallame shi da sanduna biyu. Ya tarar da taraktar na aiki lafiya da sabon direba. Goni ya gama ta tun ranar, kafin la'asar. Ya tarar kuma an jera buhunan tattasai a rabin ɗakinsu har rufi, wai sito ya cika. Ƙafar hagu ita ce ta kuloc, ya san shi da tuƙi sai dai kallo. Amma kunnensa na nan, hannuwansa na nan, kuma Goni ya ce zai iya zama a gareji yana kwance ƙananan injina, in masu kawo aiki sun yarda da shi. Sai dai duk unguwar an riga an san shi da direban da ya bar tarakta a giya ya sauka.

Don haka ya dogara sandunansa har ɗakin Dada, lokacin da Haladu ke ciki. Ya ce bai zo neman komai ba sai abu ɗaya. Yana so Yaya ya faɗa wa mutanen da ya ba labari yadda abin ya kasance: faifan a juye yake, an faɗa tun ranar farko, kuma ba shi ne a kan sitiyari ba.

Haladu ya ce abin da ya wuce ya wuce, tone-tone ba ya kawo alheri, shi ma ai ya yi asara, tattasai nawa ruwa ya ci. Ya ce kuma ko ma yaya aka sa faifan, mai hankali ba ya tsayawa a bayan tarakta.

"Kai ka ce in tsaya, Yaya."

Dada ta ajiye carbinta. "To in ya faɗa, Mamman, ƙafar za ta dawo? Ka rasa ƙafa, shi ma sai ya rasa mutunci, sannan ranka ya yi daɗi?"

Mamman Sani ya tsaya yana kallon ƙasa har sandunan suka fara cin hammatarsa.

Kwana biyu bayan haka Haladu ya zo masa da shawara, fuska a sake. Ya ce ya yi bincike, a Assaga, inda ƴan gudun hijira suke, ƙungiyoyi na rajistar naƙasassu, ana ba su abinci da tamfol, wasu har ƙafar roba. Ya ce su ma ai ƴan Bosso ne, haƙƙinsu ne, zaman gari ne ya hana su samu duk shekarun nan. Ya ƙara da cewa in an tambaye shi ƙafar, ya ce nakiya ya taka a hanyar gona, irin waɗannan ake fara dubawa. Ya ce don Allah kada su ɗauka kora ce, taimako ne. Ɗakin kuma dama sabon direban na bukatar wurin kwana.

Ranar Laraba suka tafi, da tabarma biyu da tukwane da ƙullin tufafi. Dada ta ba ƴan matan ƙunshin dabino, ta ce a riƙa zumunci.

Mutane da yawa a wannan kwari na Komadugu sun tsere wa masu bindiga, sun sha da ƙyar, suka faɗa gidajen ƴan'uwa. Wasu an riƙe su da amana har yau. Wasu kuwa an ba su ɗaki ne aka karɓe bakinsu, suka yi shekaru suna aiki ba su da ikon cewa wannan abu ba daidai yake ba. In abin ya fashe a kansu, a kira shi ƙaddara, maigida ya ci gaba da zama a sahun gaba a masallaci. Babu mai lissafa irin waɗannan, don ba a ji ƙarar harbi ba ranar da aka gama da su.

A Assaga suka bi layi a rana tun safe har azahar. Ma'aikacin da ke rajista a ƙarƙashin rumfa ya rubuta sunansa da garinsu da yawan iyalinsa, ya kalli wandon da aka naɗe, ya tambaya harsashi ne, ko nakiya, ko ciwo, ko hatsari. Tabawa ta kalli mijinta. Ta san wace amsa ce za ta kawo musu tamfol da wuri.

"Ba ko ɗaya," in ji Mamman Sani. "Yayana ne ya gyara tarakta ya sa faifan kuloc a juye. Na duba na gano, na faɗa masa, ya ƙi ji. Shi ne a kan sitiyari. Ya ajiye ni kwana shida a ɗaki har ta ruɓe."

Shi ne karo na farko da ya faɗe shi duka, da ƙarfi, a gaban mutane. Na bayansa a layi suka zuba masa ido. Ma'aikacin ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce babu gurbin wannan, zai sa hatsari. Mamman Sani ya ce ba hatsari ba ne, an sani tun kafin ya faru. Ma'aikacin ya ce ya ji, Allah ya ba shi haƙuri, ya sa alama a gurbin hatsari, ya ce su dawo bayan wata guda su duba ko sunansu ya fito. Ya kira na gaba.

Tabawa ta miƙa masa sandunan, ta tallafe shi ya tashi. Ta zaunar da shi a kan ƙullin kayansu a wani fili da babu inuwa, ta ce wa ƴan matan kada su matsa daga kusa da babansu. Ta karɓi aron adda wajen wata mata, ta nufi jeji neman itacen da za ta kafa musu bukka kafin rana ta faɗi.